Me ya sa wani ke ƙirga ranar ritaya, wani kuma ke roƙon a ƙara masa shekaru?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibitin gwamnati. Shekarunta 54, ta yi shekara 29 a aiki, saura mata shida. Tun bara take cewa ta gaji, za ta rubuta takardar ajiye aiki. Mu 'ya'yanta hankalinmu ya tashi, don albashinta na rufa mana asiri, kuma muna ganin yadda 'yan fansho ke wahala. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne yayanta, Kawunmu, malami ne a kwalejin ilimi, ya haura 62, amma kullum cewa yake da za a ƙara masa shekara goma da ya karɓa hannu bibbiyu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ne ma babba. To me ya bambanta su? Kuma mu lallashe ta ta ƙarasa, ko mu ƙyale ta?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sanya wahalar da ta sha a kan marasa lafiya a mizaninta.

Tambayarki gida biyu ce. Na farko, me ya sa mutum biyu da suka fito ciki ɗaya, ɗaya na ƙirga kwanakin da suka rage masa a wurin aiki, ɗaya kuma na fatan kada ranar ta zo. Na biyu, me ya kamata ku 'ya'ya ku yi. Na daɗe a ofishin kula da harkokin ma'aikata, inda takardun masu barin aiki ke bi kafin su isa ofishin fansho. Da abin da na gani a can zan amsa miki, in haɗa da abin da masu bincike suka gano. Amma tun da fari ki cire lalaci daga cikin lissafi. Matar da ta shekara 29 tana kwana a tsaye a kan marasa lafiya ba za ta koyi lalaci rana tsaka ba. Abin da ya raba ta da Kawu shi ne irin aikin da kowannensu ke tashi ya tarar.

Ranar da ke cikin fayil da ranar da ke cikin zuciya

Kowane ma'aikacin gwamnati yana da ranar ritaya iri biyu. Ɗaya tana cikin fayil. A Nijeriya ƙa'idar ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. An keɓe wasu daga wannan ƙa'ida. Tun 2012 doka ta kai farfesoshin jami'a zuwa shekara 70, malaman kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha kuma zuwa 65, a nan Kawunki ya samu nasa ƙarin. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai malaman firamare da sakandare zuwa 65 da haihuwa ko 40 a aiki. A 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya daidaita alƙalan manyan kotuna a kan 70.

Ɗaya ranar ba a rubuta ta ko'ina. Ita ce ranar da mutum zai ce a ransa, ni kam na gama da wurin nan. Wani takan zo masa yana ɗan shekara 48, wani har a yi masa walimar bankwana ba ta zo ba. Doka da kuɗin fansho su ke tsayar da ranar farko, yanayin aiki kuma shi ke tsayar da ta biyu. Mafi munin abin da nake gani a ma'aikatunmu shi ne tazarar da ke tsakaninsu: mutum ya riga ya tafi a zuci, amma yana nan yana sa hannu a rajista shekara biyar, shida, ƙarfe sha biyu na yi ya sulale. Shi bai huta ba, aikin kuma bai ƙaru da shi ba. Hajiya dai ta fito fili ta faɗa, kuma a aikin jinya ba a iya sulalewa, don mara lafiya na kwance yana jira.

Ki lura da waɗanda suka fi murna da ƙarin shekaru: farfesa da alƙali, mutanen da ke aiki a zaune, kuma ba mai tsaya musu a ka. A cikin malaman firamare kuwa, na san waɗanda da aka zo da maganar ƙarin shekara biyar suka ce a kai kasuwa. Mai fama da aji na yara sama da ɗari, babu kujera, rufin na yoyo, ba ya jin ƙarin shekara biyar a matsayin kyauta.

Abin da aikin ke ci a jiki

Wannan shi ne ɓangaren da kowa ya fi saurin ganewa, amma 'ya'ya ba kasafai suke ganinsa da ido ba, don su da safe suke ganin Mama ta dawo. Ki zaunar da ita ki tambaye ta yadda dare ɗaya ke wucewa. Ta karɓi aiki bayan isha'i, ɗakin da ya kamata nas huɗu su riƙe sai ita da wata yarinya sabuwar ɗauka. Tsakar dare wuta ta ɗauke, janareto ba mai, ta riƙe fitilar waya da baki tana laluben jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare. Ga dattijo mai shanyewar ɓarin jiki da za a juya, babu namiji kusa, da bayanta za ta ɗaga shi. Ga dangin mara lafiya na zazzaga mata masifa a kan maganin da ba ita ta ce babu ba. Gari ya waye ta bi layin adaidaita sahu. A gida kuma barcin rana ba ya samuwa ga uwar gida: baƙi, jikoki, gaisuwar rasuwa, barkar haihuwa.

Yarinya 'yar shekara 27 za ta yi haka, ta yi barcin awa biyar ta miƙe garau. Bayan hamsin jiki ba ya mayar da abin da dare ya ci da wannan saurin. Barci na raguwa, gwiwa da ƙugu na fara magana, hawan jini da ciwon suga sukan bayyana a daidai wannan lokaci, kuma dukkansu ba sa shiri da kwanan zaune da cin abinci ba kan ƙa'ida ba. Ga mata akwai wani abu da ba a cika faɗa ba saboda kunya: shekarun ɗaukewar al'ada, da zafin jiki da zufar dare da rashin barcin da ke zuwa tare da su. Jiki magayi, in ta ce ta gaji, daga nan maganar ta fito.

Kuma nauyin ƙaruwa yake yi. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Nijeriya ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Matasa ne mafi yawan masu tafiya. Aikin da suka bari a kan irin su Hajiya yake sauka, wato daidai shekarun da ya kamata a sassauta mata sai aka ninka mata. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar jiki da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Ki lissafa awannin da take yi a makon da take dutin dare.

Ko a ƙasashen da asibiti ke da wuta da kayan aiki, a kan wannan ake rigima. Da gwamnatin Macron ta ɗaga shekarun ritaya a Faransa daga 62 zuwa 64 a 2023, masu kwashe shara a birnin Paris sun ajiye aiki har bola ta cika tituna. Ƙorafinsu shi ne shekara biyu a bayan motar shara ba daidai take da shekara biyu a kan kujerar ofis ba.

Wanda ba a tambayarsa, kuma ba a gode masa

A nan nake so ki fi kasa kunne, don a ganina wannan ya fi ciwon gwiwa korar dattawa daga aiki, kuma shi ne ba ya fitowa a takarda.

Takardun neman ritaya kafin lokaci kusan duk iri ɗaya ne. Ko dai "saboda rashin lafiya" ko "saboda wasu dalilai na iyali". In ka ajiye takardar ka ce, Baba, zauna mu sha shayi, sai labarin gaskiya ya fito. An tsallake shi a ƙarin girma har sau biyu. An kawo yaron da shi ya koya wa riƙe fayil an ɗora a kansa, yaron kuma bai san yadda ake ba babba umarni ba. Oga ya daka masa tsawa a gaban masinja. An jefa shi wani ƙauye mai nisa, hanyar da ba a bi bayan la'asar saboda 'yan bindiga, don kawai ba shi da kowa a sakatariya. Ciwon da ya rubuta gaskiya ne yana da shi, amma ya yi shekara goma yana aiki da shi. Abin da ya sa ya daina jurewa ne ya kamata a tambaya.

Akwai wata sista, wato babbar nas, da ba na mantawa, tsarar Hajiya. An kawo musu sabuwar shugaba, ta daina zama da manyan nas-nas kafin ta fitar da jadawalin aiki, sai dai kowa ya zo ya gani a liƙe a bango. Wata rana sistar ta duba ta ga an sa ta dare a makon bikin 'yarta. Ta je ofis ta yi sallama, ta roƙi a musanya mata, har ta riga ta samo wadda za ta karɓa. Shugabar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, ki rubuto. Ta rubuto ɗin kuwa, sai dai takardar ajiye aiki ce. Saura mata shekara huɗu, kuma duk asibitin babu wadda ta kai ta iya karɓar haihuwa mai gardama.

Masana sun daɗe da ba wannan abu suna. A 1979 wani Ba'amurke, Robert Karasek, ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai bai cika karya mutum ba, abin da ke karya shi shi ne aiki mai yawa haɗe da rashin ta cewa a kan yadda za a yi shi da lokacin da za a yi. A Ingila, binciken da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 a kan ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 a Landan ya gano cewa na ƙasa, waɗanda ba su da iko a kan aikinsu, sun fi manyan da ke riƙe da ragama kamuwa da ciwon zuciya, duk da cewa manyan ne ake ɗauka sun fi shan matsi. A 1996 Johannes Siegrist a Jamus ya ƙara wani gefen: mutum kan auna abin da yake zubawa a aiki da abin da aikin ke mayar masa, kuma abin da ake mayarwa ya haɗa da kuɗi, da girmamawa, da ƙarin girma, da tabbacin cewa gobe ba za a yi watsi da kai ba. In ma'aunin ya daɗe a karkace, jiki da zuciya na biya. A 2007 shi da abokan aikinsa suka duba ma'aikata 'yan shekara 50 zuwa sama a ƙasashen Turai goma, suka tarar waɗannan abubuwa biyu, rashin ta cewa da rashin sakayya, suna tafiya tare da niyyar barin aiki da wuri, ko da an ware maganar rashin lafiya gefe.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Finland. Daga 1981 suka fara bin ma'aikatan ƙananan hukumomi fiye da 6,000 da suka haura shekara 44, shekara da shekaru, don su ga me ke sa ƙarfin aikin dattijo ya dore ko ya zube. Cikin abubuwan da suka fi tasiri har da halin shugaban da ke kansa kai tsaye. Wannan ban buƙaci Turawa su faɗa mini ba. Sashe biyu a ma'aikata ɗaya, albashi ɗaya, rashin kayan aiki ɗaya, amma ɗaya dattawansa na neman canjin wuri, ɗaya kuma har sai an tuna musu ranarsu ta yi. In ka bincika, shugaban sashe na biyu yana shiga ya gaishe su, yana cewa, Hajiya, ya kike ganin za mu yi da wannan? Ya san da tsohuwar zuma ake magani.

Sai kuɗi. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa aiki kansa ya zama ciniki. Dattijo kan zauna da biro ya cire kuɗin mota, da abincin rana, da gudummawar biki da suna na ofis, da maganin ciwon da aikin ke tayarwa, ya ga abin da ya rage bai fi fanshon da zai karɓa yana kwance a gida da wani abin kirki ba. Ga kuma kwamfuta da aka shigo da ita ba tare da an koya wa kowa ba, mutum mai furfura yana roƙon ɗan bautar ƙasa ya buɗe masa shafi. Ƙaramin abu ne a ido, amma yana cin rai.

To Kawu fa?

Aikinsa ba wasa ba ne, duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar ɗalibai ɗari uku ya sani. Amma shi ke zaɓen ko da asuba zai duba ko bayan isha'i. Da shi ake zama a tsara jadawalin darasi. Yana kwana a gadonsa kowane dare, yana da hutun ƙarshen zango. A aikinsa tsufa daraja ce: ɗalibai na rusunawa, ƙananan malamai na kawo masa rubutunsu ya duba. Majalisarsa ma a can take. In an ce ya tafi gida, an raba shi da sunansa da abokan hirarsa a rana ɗaya.

Sai dai kada ki ɗauka duk mai manne wa kujera son aikin yake. Mu da ke riƙe da fayil mun san yawan takardun rantsuwar kotu da ake kawowa a rage shekaru, mutum da jikoki a sakandare ya ce shekarunsa 51. Mafi yawansu tsoro ne ke riƙe da su. Sun ga waɗanda suka riga su suna yawon tantancewa da ambulan a hammata. A Kano gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ciyo bashin naira biliyan 758 don biyan haƙƙoƙin fansho da suka taru, a shekarar ne kuma tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja a kan abin da ake ba su. Wanda ya ga haka zai jure kowane irin oga. A nan ne binciken Turai ke da iyaka a wurinmu: an yi shi ne a ƙasashen da fansho ke shiga a ranarsa, inda mai son tafiya ke iya tafiya. A nan mummunan yanayin aiki yakan sa mutum ya so tafiya, tsoron fansho kuma ya hana shi, sai ya zauna yana ciwo. Kawu shi ya san nawa ne so, nawa ne tsoro a cikin maganarsa.

In ta ajiye, za ta samu sauƙi?

Akwai alamar haka. A Faransa an bi ma'aikatan kamfanin wuta da gas na ƙasar fiye da 14,000, shekaru kafin ritaya da shekaru bayanta, aka fitar da sakamakon a 2009. Da suka ajiye aiki, yadda suke jin lafiyar jikinsu ya koma kamar an rage musu shekara takwas zuwa goma. Waɗanda suka fi shan wuya a wurin aiki su suka fi samun wannan sauƙi. Waɗanda aikinsu ke da daɗi, matsayinsu babba, ba su ga wani canji ba. Kusan labarin Hajiya da Kawu kenan.

A nan gida abin da na lura shi ne mata sun fi maza iya ritaya. Tsohuwar nas ba ta rasa abin yi: ita ce likitar unguwa, ga Islamiyya, ga jikoki, wata ma asibitin kuɗi ya ɗauke ta aikin safe kawai. Namijin da duniyarsa duka ofis ce shi ya fi saurin zubewa. Amma duk wannan sai in akwai abin sawa a tukunya. Hutu da yunwa ba hutu ba ne.

Ni ba likita ba ne, kuma ban ga fayil ɗinta ba, don haka kafin komai ta je a duba ta sosai, ba irin duban da ma'aikatan asibiti ke yi wa junansu a tsaitsaye ba. Ƙarancin jini, suga, matsalar maƙoƙo da ciwon damuwa duk sukan zo da sunan gajiya. In gajiyar ta haɗu da yawan kuka, ko rashin sha'awar abin da ta saba so, ajiye aiki kaɗai ba zai warkar da ita ba.

Abin da zan ce ku yi

Ku daina ce mata ta yi haƙuri, ta fi ku sanin haƙuri. Ke ko babbar yayarku ta same ta ita kaɗai ta ce, Mama, da za a cire abu ɗaya daga aikin nan ki ci gaba, mene ne? In ta ce dare, ko ta ambaci wata shugaba, ko nisan hanya, to aikin jinya bai fita ranta ba, kuma akwai gyara. Mai shekara 29 a aiki tana da bakin neman a mayar da ita inda ba a kwana: awon ciki, rigakafin yara, sashen da ake ganin marasa lafiya su koma gida, ko kula da ɗaliban jinya masu zuwa koyon aiki. Ta nema a rubuce, ta haɗa da takardar likita in akwai hawan jini ko ciwon baya, ta bi ta ƙungiyarsu ta ma'aikatan jinya in an yi mata shiru. In tana da hutun da ta tara, ta karɓe shi duka kafin ta yanke hukunci. Shawarar da aka yanke da safiyar da aka sauka daga dutin dare ba abin dogaro ba ce.

Irin wannan sassauci ba ya cin kuɗi kamar yadda shugabanni ke zato. A 2007 kamfanin ƙera motoci na BMW ya haɗa wani layin aiki a masana'antarsa ta garin Dingolfing a Jamus da ma'aikatan da matsakaicin shekarunsu 47, ya tambaye su me ke damunsu, suka kawo gyare-gyare kusan 70: daɓen katako a maimakon siminti, takalma masu taushi, kujerun hutawa, gilashin ƙara girman rubutu, musanya wurin tsayuwa. Cikin shekara guda aikin layin ya ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Su ma'aikatan aka tambaya, wannan ne asirin.

In kuma ta ce babu abin da za a cire, ita dai ta gama, sai a koma lissafi, kuma ya danganta da tsarin fanshon da take ciki. A tsohon tsarin tarayya, wanda jihohi da dama suka kwaikwaya, mai shekara 10 a aiki na samun kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho, ana ƙara kashi 2 duk shekara har ya kai 80 a shekara 35. Garatuti kuma na tashi daga kashi 100 na albashin shekara zuwa 300. A wannan ma'auni mai shekara 29 za ta tashi da kashi 68 na fansho da 252 na garatuti. Akwai asara, amma ba irin wadda kuke tsoro ba. In kuwa tana tsarin karo-karo da aka kawo a 2004 aka gyara a 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 gwamnati ta zuba 10, to ta haura 50, doka ta ba ta damar taɓa asusunta in ta yi ritaya. Sai dai shekarun ƙarshe su ne masu tsoka, don a lokacin albashi ya fi girma, kuma abin da ta tara za a shimfiɗa shi ne a kan shekaru masu yawa, abin da zai riƙa shigowa duk wata ya ragu. Ga haƙƙinta na shekarun da ta yi kafin a shiga sabon tsarin, wanda shi ya fi jawo jinkiri. Ta je kamfanin da ke riƙe da asusunta ko hukumar fanshon jiharta su buga mata lissafi biyu a takarda: in ta tafi bana, da in ta kai 60. Ta kuma tambaya ko inshorar lafiyarta za ta ci gaba, don a wurare da yawa da albashi take tsayawa.

Zan faɗa miki wata magana, 'yata, kada ki ji haushi. Kin ce albashinta na rufa muku asiri. In wannan ne babban dalilin da kuke so ta ƙarasa, to nauyin ku ya kamata ya komo, ba ita za ta ci gaba da kwana a tsaye ba. Ku zauna ku 'ya'ya ku raba: wa zai ɗauki kuɗin makarantar ƙanne, wa zai ɗauki magani, wa zai ɗauki hatsi. Ku tara mata abin da zai riƙe gida aƙalla shekara guda, don tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan daɗe.

Ra'ayina, ta fara neman canjin sashe ta gwada shekara ɗaya. Na ga waɗanda suka zo da takardar tafiya a jaka, aka cire su daga dare, suka ƙarasa shekarunsu lafiya lau. In an hana ta, ko an canza ɗin ba ta ji sauƙi ba, ku bar ta ta tafi da ƙafarta, amma a tsare. Ana ba da sanarwar wata uku. Kafin nan ta tabbatar ranar haihuwarta iri ɗaya ce a fayil, da katin ɗan ƙasa, da banki, da wurin masu fansho, don saɓanin shekara ɗaya ko harafi ɗaya a suna na iya tsayar da komai wata da watanni. Ta nemo takardar ɗaukar aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma, da takardun albashi na baya-bayan nan, ta yi kwafinsu ta ajiye a gida, ta kuma biya duk bashin da ake cira daga albashi. In akwai ƙarin girman da take jira, ko ta riga ta yi jarrabawarsa, kada ta miƙa takarda sai wasiƙar ta fito kuma sabon matakin ya bayyana a albashinta, don a tsohon tsari da matakin ƙarshe ake lissafa abin da za a riƙa biyanta.